Ranar da Aka Kankare Kwaɗo Daga Kundin Sani

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha labari!

To ku rufe min baki, ba na maimaitawa.

A wani gari akwai aljani marubuci, Ɗantawada, yana zaune a kogon kuka da littafin da raƙuma ba sa iya ɗauka. Kundin sani ke nan. Kun san me ake kira haka? Littafin da ya tattara komai, daga giwa har kiyashi, kowa da shafinsa, kowa da bayaninsa. Na aljanin nan kuwa ya wuce haka: abin da ba ya ciki, ba ya duniya.

Wata rana makaɗa suna wasa Sarki Tunau, kukan kwaɗin tafki ya danne ganguna. Sarki ya fusata, ya ce, "Ɗantawada, kankare min ƙazamin kwaɗon nan daga littafinka! Wanda ya sake ambatarsa, a bakin ransa."

Aljani ya kankare. Tafki ya yi tsit. Hadari ya taso, ya saurara, bai ji mai kiransa ba, ya wuce. Ya sake tasowa, ya wuce. Geron wata tsohuwa, Gwaggo Lanti, ya fara ƙonewa, kuma shi ke nan abincinta na shekara.

Ta ja sandarta har gindin kuka, ta tarar da sarki da fadawansa. Ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ni jahila ce. A karanta min shafin maciji mana."

Aljani ya karanta: "Maciji, abincinsa..." Sai rami a takarda.

"Ikon Allah! To na ruwan sama fa?"

"Ruwan sama, yakan sauko idan ya ji kukan..." Rami. Ramin kuwa ci yake yi, ƙus, ƙus, daga wannan shafi zuwa wancan. Ya cinye ruwa, ya shiga gero, ya shiga tuwo.

Tsohuwa ta ce, "Saura ɗaya, ɗan nan. Karanta min na sarki."

"Sarki Tunau, mai rayuwa da tuwon..."

Wallahi kafin ya rufe baki, ƙafafun sarki sun ɓace. Takalma ne kawai a ƙasa! Gwiwa ta bi, cinya ta bi, ana hango kututturen kuka ta cikin rigarsa. Fadawa suka daskare.

Sarki ya kurma ihu: "Kwaɗo! Kwaɗo! Rubuta kwaɗo!"

Gwaggo Lanti ta ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ambata, ba ni ba."

Alƙalami ya taɓa takarda. Tafki ya ɗauki kuka, sama ta amsa da tsawa, ruwa ya ɓalle. Sarki na shafa ƙafafunsa da suka dawo, tsohuwa tuni ta kai gona, gero na miƙewa a gabanta.

Kun ji dai. Ba a kiran littafi kundin sani don nauyinsa, sai don bai raina kowa ba. Ka cire ƙarami, babba zai bi shi.

Ƙurunƙus, ta faɗa kan ɓera. Ku tashi min daga tabarma!