Shanun Huɗa da Wa'adin da Ya Wuce

Irimiya, Dogara, Rifkatu, 'ya'yana, ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Ba zan maimaita ba.

Akwai wani manomi mai shanun huɗa guda biyu. Wata rana da rani suka tsinke igiya, suka faɗa lambun maƙwabcinsa, suka tattake albasar da ta kusa isa cira. Maƙwabcin ya kai ƙara. Alƙali ya yanke wa manomin diyya mai nauyi, ya kuma ce idan bai gamsu ba, an ba shi wa'adi ya ɗaukaka ƙara.

Manomin bai gamsu ba, amma bai je kotu ta gaba ba. Sai ya tafi wurin dattawan gari su sasanta su. A tunaninsa, muddin dattawa suna kan magana, kwanakin kotu ma suna zaune suna jira. Yau a ce dattijo wane ya tafi jana'iza, gobe a ce maƙwabcin yana kasuwa. Haka wa'adi ya wuce bai sani ba.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, sai ga ma'aikatan kotu a ƙofar gidansa. Suka ce ranar kasuwa za su dawo su kora shanun, a sayar a biya maƙwabcin. In shanun suka tafi a farkon damina, babu huɗa, babu hatsi a gidansa bana.

Ya ce, "Ai maganar tana hannun dattawa!"

Suka ce, "Baba, dattawa ba su da hatimi."

Sai ya garzaya wurin babban alƙali, ya durƙusa. Alƙalin ya ce, "Ina ka shiga har wa'adi ya wuce?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba barci na yi ba. Sulhu nake nema, ban san kwanaki suna tafiya ba."

Alƙalin ya dube shi, ya ce, "Ka yi wauta, amma ba zan rufe wa mai neman sulhu ƙofa ba. Na karɓi ƙararka. Kada a taɓa shanun sai na saurare ku. Kai ma kada ka sayar da su, kada ka ɓoye su."

Manomin ya shiga gida yana murna, yana cewa, "Na yi nasara!"

Matarsa ba ta ko ɗaga kai daga tukunya ba. Ta ce, "Maigida, nasarar me? Cewa aka yi a dakata, ba a ce an yafe ba. Ko albasar mutumin nan ta tashi ne ban ji ba?"

Maganar ta shige shi. Da safe ya ɗaura wa shanun garma, ya wuce gonarsa da ke jiransa, ya shiga ta maƙwabcin. Maƙwabcin ya taho a fusace yana cewa, "Yanzu kuma me suka zo ci?"

Ya ce, "Sun zo biyan abin da suka ci."

Maƙwabcin ya daɗe a tsaye yana kallon kunyar huɗa tana miƙewa. Can sai ya naɗe wandonsa, ya kama igiyar shanun. Tare suka koma wurin alƙali suka janye ƙarar. Maƙwabcin ya rage diyyar, sauran kuma ya bari sai kaka.

Ma'anar wannan misali ita ce: manomin nan mu ne. Mun yi ɓarna, hukunci yana kanmu, wa'adi ya wuce muna ta yawo. Ubangiji cikin alherinsa bai kore mu ba, ya dakatar da hukuncin saboda Almasihu. Amma lokacin da ya ba mu ba na rawa ba ne, na tuba ne da gyara.

Irimiya, kotu ta dakatar da karɓar kuɗin da ƙanenka Dogara yake binka, kai kuwa kana yawo kana cewa ka ci. Ba ka ci kome ba, an dai ba ka numfashi. Dogara, kai kana da gaskiya, amma idan aka yi gwanjon shagon yayanka Irimiya, 'ya'yansa a tukunyarka za su ci. Rifkatu, ke kuma ki daina kai maganar wannan wurin wancan.

Kafin alƙali ya sake kiranku, ku zo ɗakina ku zauna ku gama wannan magana. Ina so in ga ƙarshenta da idona.