Maganin da Bai Zauna a Idon Inna Kande Ba

Ku gyara zama, yau ba abin dariya na kawo muku ba.

Inna Kande mai saƙar faifai ido ɗaya ya rage mata, da shi take ci da kanta. Ana cikin azumi ƙaiƙayi ya faɗa mata a ido wajen shiƙa, idon ya yi gyambo. Likita ya rubuta maganin ɗigawa, ya ja ɗanta Sallau gefe ya ce, "A riƙa sawa dare da rana. In an ɗiga a danne lungun idon ta wajen hanci, in ba haka ba maƙogwaro zai zurare, idon bai samu komai ba."

Sallau ya taka har birni ya samo maganin. Amma ɗan fari ne, uwar ko sunansa ba ta faɗa, shi ma ba ya haɗa ido da ita, balle ya kai hannu fuskarta. Inna tana ji ya ajiye kwalbar a bakin ƙofa ya juya, da bayanin likita a cikinsa. Wai kunya. Ko ƙanwarsa bai tsaya ya faɗa wa ba.

Ƙanwar, Tabawa, ita ta bar gidan mijinta ta zo jinya. In ta ɗiga, Inna sai ta runtse, hawaye ya wanke rabi. "Yaji, 'yar nan." Tausayi ya kama Tabawa, ta ce, "To rufe, Inna, zai jiƙa ya shiga." Ta koma ɗigawa a kan fatar ido, abin da Allah ya yi takanas don ya tare.

Ɗan abin da ya shiga kuwa, Inna ta ji ɗacinsa a maƙogwaro, hankalinta ya tashi. Ta kira autanta Hashimu mai karatu. "Auta, azumina fa?" Bai tambayi kowa ba, ya ce, "Ya karye, Inna. A bari sai an sha ruwa." Ladarta yake karewa, ya manta an ɗauke wa mara lafiya azumi. Wannan ya fi ƙona mini rai, amma ba ni zan yanke ba.

Ranar Sallah da hantsi Inna ta ji hayaniyar masu dawowa daga Idi, ta ce a ɗage mata labule ta ga jikokinta. Labulen a ɗage yake.

Babu wanda bai so ta ba a cikinsu. To, tsakanin mai kunya, mai tausayi da mai tsoron Allah, wa ya kashe wa Inna Kande ido?