Muryar Tsoho a Cikin Gwangwanin Shayi

Akwai wata malama a makarantar garinmu, can cikin yankin Kimberley, sunanta Bronwyn Kellett. Tarihi take koyar wa 'yan aji takwas. Na san yaran nan sarai, don ni ke kwaso su a motar makaranta. Da ka ce tarihi, hamma za ta tashi tun daga kujerar baya.

Sai aka kawo wa makarantar kwamfutocin hannu guda shida na gwaji. Malama Bronwyn ta raba ajin gida shida, kowane rukuni da tasa. Ta ce su rufe littafi, su je su ɗauko tarihi daga bakin tsofaffinsu. Wani ya yi tambaya, wani ya ɗauki bidiyo, wani ya rubuta, wani ya nemo wurin a taswira.

"Malama, ni ne mai ɗauka!" in ji Jarrod, sarkin surutun ajin.

"Kai da hannunka ke rawa kamar wutsiyar kare?" in ji Talisha, 'yar rukuninsu. Aji ya fashe da dariya.

Rukunin nan kakan Talisha suka je wa. Ba zan kira sunansa ba. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake korar shanu a kan doki, ladansa garin fulawa da shayi da sukari. Minti arba'in yana ba su labari, rijiya bayan rijiya, duk inda suka shayar da shanun a hanya. Wallahi ban taɓa ganin yaran nan sun yi shiru haka ba.

Aka sanar cewa ranar wata Juma'a baƙi za su zo daga ofishin ilimi, su ga ko a bar kwamfutocin ko a kwashe. Kowa ya san bidiyon tsohon ne zai ceci ajin.

Saura mako biyu, tsohon ya rasu.

A wurinmu idan mutum ya rasu, ba a kiran sunansa, ba a kallon hotonsa, ba a jin muryarsa, sai ranar da danginsa suka ce lokaci ya yi. Talisha ta daina zuwa makaranta. Sauran ukun ko taɓa kwamfutar ba sa yi.

Mataimakin shugaban makaranta, Mista Gareth, wata huɗu ke nan da zuwansa daga birnin Perth, amma ji yake ya fi kowa sanin garin.

"Haba Bronwyn, minti uku kawai," ya ce. "Yaran su fita waje, baƙi su kalla. In ba haka ba a kwashe mana kaya."

"Ka nuna shi ranar Juma'a, ranar Litinin kujeru za ka koyar," ta ce.

Ta sa na kai ta wurin Goggo Doreen, matar marigayin. Ta bar kwamfutar a mota, ta zauna a ƙasa ƙarƙashin bishiya, ta yi ta'aziyya. Ba ta yi gaggawa ba. Sai da shayi ya huce ta ce, "Goggo, muryar tsoho tana hannuna. Abin da kika ce shi zan yi."

"A goge!" in ji Talisha, da ke zaune gefen kakarta, tana kuka.

Goggo ta juyo wajen Malama. Ta ce, "Kada ki goge, 'yata. Kada kuma ki buɗe."

Malama ta ɗauko kwamfutar daga mota, ta juye bidiyon a ɗan ma'ajin bayanai mai tsawon yatsa, ta jefa shi a gwangwanin shayi ta miƙa wa Goggo. Sannan ta share kwamfutar tas a gaban Talisha. Kai, matar nan ta burge ni.

Kwana uku suka rage. Rukunin suka buɗe taswira, suka sa alama a kowace rijiya, kowane yaro ya faɗi da bakinsa abin da ya ji daga tsohon. Talisha ta dawo ranar Laraba, wai don kada Jarrod ya ɓata labarin kakanta. Ya kuwa ɓata, ta gyara masa sau huɗu.

Baƙin suka zo, suka kalla, suka yi ta rubuce-rubuce. Aka bar kwamfutocin. Mista Gareth bai sake tayar da zancen ba.

Bayan shekara biyu, wata safiya na ga Goggo Doreen a bakin hanya da gwangwanin shayi a hannu, bayanta dangi fiye da ashirin. Na kwashe su har ƙofar ajin.

"Malama," ta ce, "lokaci ya yi."

Aka kunna. Hoton na ta rawa. Sai ga muryar tsohon, garau: "Kai yaro, riƙe abin nan da kyau mana, kana sa ni jiri."

Jarrod ya rufe fuska. Goggo tana dariya, hawaye na zuba. Ni ma sai da na koma mota na share nawa. Duk duniya ba inda muryarsa ta saura sai nan.

Darasi: Na'ura tana iya adana muryar mutum, amma ladabi da haƙuri ne ke sa mutane su yarda su ba ka ita. Kada neman yabon baƙo ya sa ka taka abin da mutanenka ke girmamawa. Ku tura wa duk malamin da kuka sani, da iyayen da ke da yara a makaranta.