Malamai Talatin da Ɗaya, Waya Ɗaya

Kun taɓa jin inda mutum talatin da ɗaya suke karatun digiri da waya guda? In kun ce ƙarya ne, ba ku kaɗai ba ne, haka kwamitin jami'a ya ce wa Kuluwa. Ku gyara zama, don a ƙarshe ku za a bar wa shari'ar.

Kuluwa ɗaliba ce mai neman digiri na biyu, bincikenta kuma a kan karatu ta intanet ne: shin malaman firamare na ƙauye da ke ƙaro ilimi daga nesa suna amfana kuwa? Ta ɗora tambayoyinta a shafin karatun jami'a, amsoshi suka shigo, ta rubuta kundinta. Saura mako biyu ta kare shi aka kira ta ofishin shugaban sashe, aka nuna mata takardar ƙorafi, ba suna ba sa hannu. Wai amsoshi talatin da ɗaya daga waya guda suka fito, wato ita ta zauna ta cike abinta. Hukuncin wannan kuwa kora ce.

Ita dai ta san yadda abin yake. A yankin Tsaunin Gawo, inda malaman nan suke, ba a samun sabis sai a saman dutsen bayan kasuwa, babbar waya kuma hedimasta kaɗai ke da ita. Duk ranar Alhamis, da yake ranar ce motoci ke shigowa, malaman ƙauyukan kewaye sukan hau dutsen su yi layi, wannan ya gama ya miƙa wa wancan. Ta faɗa wa shugaban sashe haka. Ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Kin iya labari. Kwamiti zai zauna ranar Litinin."

A duk jami'ar mutum uku ne suka taɓa ganin bayananta, kuma su ukun ne suka tashi tsaye.

Na farko Malam Inuwa, magatakardan sashe, wanda ya buga mata takardun neman izinin bincike. Shi ya tono wani tsohon littafin dokoki daga ƙasan kabad, ya kakkaɓe, ya buɗe shafin da ya ce wanda ake tuhuma yana da kwana bakwai na kawo shaida. Ya ajiye a teburin shugaban kwamiti, ya ƙi fita sai da aka ɗage zaman. "Ranka ya daɗe, ni ba na gardama da manya," in ji shi, "littafin ne ke gardama." Ba don shi ba, da tun Litinin ta ɗaure kayanta.

Na biyu Tukur, ma'aikacin sashen kwamfuta, ɗan ajinsu tun digirin farko. Na'urar jami'a takan goge tarihin masu shiga shafin duk ƙarshen zango, kuma saura kwana biyu ta goge. Tukur ya roƙi ogansa, ya fitar da tarihin, ya buga a takarda. Aka ga wayar nan ta yi shekara biyu tana shiga darussa duk Alhamis da lambobin ɗalibai daban-daban, tun kafin Kuluwa ta zaɓi batun bincikenta. Ba don shi ba, da shaidar ta shafe har abada.

Kwamiti ya duba ya ce takarda dai takarda ce. Sun yarda akwai malaman, amma wa ya san ko ta karɓi lambobinsu ta amsa musu? Mutane suke son gani. An kuma hana Kuluwa zuwa ƙauyen, kada ta kitsa musu abin faɗa.

Sai ta uku, Balaraba, ƙawarta da suke ɗaki ɗaya. Damina ta yi nisa, gadar hanya ta karye. Ta hau acaɓa, ta shiga kwalekwale, ta ƙarasa da ƙafa, takalmi a hannu. Ranar Alhamis ta hau dutsen, ta kira kwamiti ta bidiyo da wayar hedimastan. Malamai suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗaga katinsa ya faɗi abin da ya amsa. Wata dattijuwa cikinsu ta leƙa fuskar farfesoshi ta ce, "Ku da kuke da waya bibbiyu, ku aiko mana da ɗaya mana." Ba don Balaraba ba, da ba wanda ya yarda.

Aka wanke Kuluwa. Har ma jami'a ta ba ta jagorancin sabon bincike a ƙauyuka talatin, da sharaɗi guda: ta zaɓi mutum ɗaya da zai riƙe kalmar sirri ta biyu ta ma'ajiyar bayanai, wanda zai ga duk abin da take gani.

Ranar da aka ba ta kwafin takardar ƙorafin, ta zauna a bencin gaban laburare ta karanta a tsanake, sai ta lura da abubuwa uku. An tsara takardar da irin lambar fayil da ba wanda ke amfani da ita sai ofishin Malam Inuwa. A tsakiya an kawo lambar wayar hedimasta ta cikin na'ura, wadda ba mai gani sai mai shiga inda Tukur ke shiga. A ƙarshe kuma ga wata jimla: "Wasu amsoshin kamar baki ɗaya ne ya faɗe su." Ita ta faɗi wannan da bakinta, cikin wasa, tana wanke kwanuka, kuma Balaraba kaɗai ke wurin.

Ta tambaye su ɗaya-ɗaya. Malam Inuwa ya ce duk wanda ya taɓa karɓar wasiƙa daga ofishinsa zai iya kwaikwayon lambar. Tukur ya ce su biyar ne ke da mabuɗin na'urar. Balaraba ta yi dariya ta ce, "Ke Kulu, bangon ɗakinmu ko tari kika yi ana ji a maƙwabta." Kowa ya faɗi abin da zai yiwu. Kowa kuma ya ɗan kau da ido kafin ya faɗa, ko kuma ita ce ta ga kamar haka.

Ko ɗaya daga cikin ukun ne ya rubuta, ya ga abin ya wuce inda ya nufa, ya dawo gyara? Ko wani na huɗu ne ya tsinci kalma nan, lamba can? Ba ta sani ba, fom ɗin zaɓen mai riƙe kalmar sirrin kuma jibi za ta mayar, da gurbin suna ɗaya.

To ku da kuka ji, kada ku karanta ku wuce. Ku kai maganar nan zauren ajinku, ku kira wanda kuka fi saɓa ra'ayi da shi, kowa ya kawo hujja. Tsakanin wanda ya samo mata lokaci, da wanda ya ceto shaida, da wadda ta kawo mutane, wane ne ya fi cancanta Kuluwa ta damƙa wa kalmar sirrin?