Katantanwar Inna

An yi wani ɗan dodon koɗi mai suna Anaruwa, a bakin wata fadama. Shiru-shiru ne, ko faɗa bai iya ba. Maƙwabtansa biyu ne: tsohon kunkuru Baba Arzika, mai haƙuri, da zabuwa Ladingo, wadda ba ta da zance sai taurin ƙwanta.

A ƙarshen damina innar Anaruwa ta rasu. Jikinta ya koma ƙasa, katantanwarta ta rage a gindin gamji, fara tas, iska na shiga tana fita. Kullum sai ya je ya kwanta kusa da ita.

Wata rana yana hanyar zuwa, kofaton saniya ya goge shi, katantanwarsa ta tsage. Ga rani ya ƙarato, kuma dodon koɗi mai tsagaggen ɗaki ba ya ganin wata damina, bushewa yake yi a ciki.

Baba Arzika ya duba tsagar, ya ce, "Za ta ɗinku, ɗana, amma sai da alli. Ƙasar nan yashi ce, kai kuma ba ka da ƙafar zuwa nesa. Je ka lashi ɗakin innarka, duk alli ne."

Anaruwa ya janye ƙahoninsa. "In cinye Inna, Baba? Shi kaɗai fa ya rage mini."

"Ita ma haka ta yi da na tata uwar, a kan idona. Wannan na bayanka kana tsammani a kasuwa aka sayo shi? Abin da ka lasa narkewa yake a cikinka, ya bi jini, naman jikinka ya riƙa shimfiɗa shi siriri kan siriri, kamar mai yaɓe. Haka ƙoƙon bayana ya samu, haka haƙorin kada, haka ƙashin saniyar da ta taka ka. Dukanmu tsoka ce mai laushi, amma Allah Ya koya mata ginin dutse."

Ladingo da ke kiwo kusa ta ƙyalƙyale da dariya. "Tir! Masu lasar gawa!"

"A'a, hajjaju," in ji Baba Arzika, "ba ke nake gani kina tsintar fasassun katantanwa a bakin ruwa ba? Da me kike yin ɓawon ƙwan naki?"

"Ni? Bakina nake wasawa, tsoho! Taurin ƙwaina gado ne. In ka ƙara ganina a kan tarkacen matattu, ka kira ni kaza! Daga yau gero zalla zan ci."

Ta kaɗa kai ta nufi masussuka.

Anaruwa ya daɗe a gindin gamji kafin ya iya. Da ya kai harshe, ya ji sanyi da garɗin ƙasa, ya lasa yana kuka. Gobe ya dawo, jibi ma haka.

Ana nan, wata safiya ya ji iska ta daina shigar masa ta baya. Ya miƙa wuya ya waiga. Wata 'yar fata kamar ta albasa ta rufe tsagar. Kwana kaɗan ta yi kauri, ta yi tauri, ta fito fara tas. Ya tsaya yana kallo. Ba guduma, ba wuta, ba magini, amma ga dutse ya tsiro daga jikinsa, kuma da farin Inna ya tsiro.

"Baba," ya ce a hankali, "ashe a bayana take."

Ya shige ƙasa, ya liƙe ƙofarsa, ya yi barcin rani.

Da ruwan farko ya sauka ya fito, sai ya tarar da Ladingo a gindin gamji. Ta rame, ƙafafunta na karkarwa.

"Ƙwaina," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Laushi suke zuwa kamar tsumma, ina hawa kansu suna fashewa. Ƙafafuna ma ba sa ɗaukata."

"Jikinki ne ya rasa alli, ya koma yana ɗiba a ƙashinki," in ji Baba Arzika. "Sannu, kaza."

Ambaliya ta kwashe duk ɓawon da ke bakin ruwa, saura rabin katantanwar nan da Anaruwa ya bari. Ita Ladingo take kallo.

Anaruwa ya dubi abin da ya rage na innarsa, ya dubi zabuwar da ba za ta ga 'ya'ya ba bana in ya hana ta. Sai ya ja jiki gefe.

"Ci," ya ce. "Amma a hankali, Ladingo. Inna ce."

Darasin wannan labari shi ne, ƙarfin da muke taƙama da shi ba mu muka fare shi ba. Ƙashinmu da haƙoranmu daga ƙasa da ruwa aka tattaro su, ta hannun waɗanda suka riga mu. Wanda ya rena inda ƙarfinsa ya fito zai wayi gari ba shi da shi. Wanda kuma ya yi rashi, ya duba jikinsa da kyau, akwai abin da aka bar masa.