Zangarniyar Maiwar Da Sauda Ta Roƙa

Akwai wata mata mai suna Sauda a wani ƙauye kusa da Watari. Shekara shida da rasuwar mijinta Malam Mani, ita ke noma gonarsa, ita ke kai amfaninta kasuwa. Kan ciniki kuwa, mai kaya in ya hango ta sai ya gyara zama.

Abu ɗaya take taƙama da shi. "Tun da aka binne Malam, ban taɓa roƙon kowa ko allura ba."

To, sai shekarun tsada suka zo. Hayar injin ban ruwa ta fi ƙarfinta, tumatirinta na bara ya ƙone tana kallo. Bana in ba ta samu inji ba, dole ta ba da gonar Malam aro, wani ya noma.

Ana haka sai ga Uwaisu, ƙanin mijinta, direban wata tsohuwar bas mai jigila zuwa Tsanyawa.

"Matar Yaya, na ji a rediyo. Wata ƙungiyar masu sayar da kayan noma ta shirya gasar motoci a birni. Mutum biyu a mota, su ba ku mai, su ba ku takardar abubuwan da za ku nemo. Wanda ya fara kawo su cif, injin ban ruwa sabo fil."

Ta leƙa bas ɗin da aka ɗaure wa ƙofa da igiya. "Da wannan akwalar? Jakin Malam ya fi ta sauri, kuma shi ba a tura shi."

"Ke dai ɗauko mayafi."

Ranar Asabar da hantsi suka tsaya a layi a bakin birni, cikin motoci masu sheƙi. Samari na ta ɗaukar bas ɗin hoto suna dariya. Sauda ta ɗaga musu hannu ta taga kamar mai neman ƙuri'a.

Ita karatun boko bai wuce rubuta sunanta ba, don haka Uwaisu ya karanto. Ƙyallen shuni daga marina. Guntun jar fata daga dukawa. Ƙaramin lauje daga maƙera. Zangarniyar maiwa. A kai su filin da ke bayan kasuwar Dawanau.

"Shi ke nan? Bar ni da su, rabin kuɗi zan sayo."

"Saurara tukuna. Ba a saye. Roƙa ake, a ba ka kyauta, a ɗauki hoto da mai bayarwa. Kuma kowa a cikinmu sai ya roƙi aƙalla guda."

Fuskarta ta canza, amma an riga an busa usur.

Wallahi ranar an sha dariya. Masu duba taswira a waya suna bin manyan tituna suna maƙalewa a cunkoso, ita kuwa ta san lungunan birni tun tana rakiyar Malam sayar da albasa. "Karya dama! Ba wannan damar ba, ɗaya damar! Kai wa ya ba ka lasin?" Uwaisu na sauka ya roƙo, ita tana mota tana kaɗa ƙafa. Marina suka ba shi ƙyalle, dukawa suka ba shi fata, maƙeri ya ba shi lauje har da addu'a.

Saura maiwa, kuma saura ita.

Yanzu mutane sun koma gero mai saurin nuna, maiwa ta yi wuya. Sauda ta san wuri ɗaya tak da ake rataye zangarniyarta: rumfar Alhaji Muntaka, dillalin hatsi a Dawanau. Shi ne kuwa wanda bara ya taya wakenta da araha, ta kwashe buhunanta, ta faɗa a gaban jama'a cewa ko ruwan sha ba za ta ƙara nema a rumfarsa ba.

Bas ta tsaya nesa da rumfar. Sauda ba ta motsa ba.

"Matar Yaya, allurar mai ta kwanta."

"Mu kai gero. Wa zai gane?"

"Ke da bakinki? Ke da kike gane maiwa ido rufe?"

Ta tuna tumatirin da ya ƙone. Ta hango a ranta wani ƙato yana kafa fartanya a gonar Malam. Sai ta gyara mayafi ta sauka.

"Salamu alaikum, Alhaji."

Muntaka ya ɗago kai, ya saki murmushi har kunne. "A'a! Sauda mai karya farashi! Yau me za a yi wa wulaƙanci?"

Ta nuna zangarniyar da ke rataye.

"Nawa kika taya?"

"Ba saye na zo ba." Ta sunkuyar da kai. "Roƙo na zo. Don Allah ka ba ni. Maganar bara kuma, ka yafe ni."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya miƙe da kansa ya kunto zangarniyar.

"Kin san asalin wannan? Shekarar da iri ya ƙare mini, Malam Mani ne ya auno mini maiwa a hularsa, ya ƙi karɓar komai. Tun lokacin nake shuka ta, duk kaka in rataye ɗaya. Taki ce, Sauda. Da kin tambaya da tuni na ba ki."

Ta karɓa da hannu biyu, hawaye na zuba, tana dariya. Haka hoton ya fito.

Suna tayar da mota, ta yi tari sau biyu ta mutu, ga filin ana hangowa. Muntaka ya ƙwala wa masu dako kira. Ƙarti goma suka sa kafaɗa, Alhaji da babbar riga a tsakiyarsu, Sauda ta leƙo ta taga tana ba da umarni: "Ku tura da kyau, ba ku ci tuwo ba ne?"

Su ne na biyar da isa. Amma motoci huɗun da suka riga su duk gero suka kawo, alƙalan gasa suka ƙi karɓa. Da aka ɗaga zangarniyar Sauda, fili ya kaure da tafi da guɗa.

Aka ajiye injin a gabanta. Ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa, ta kalli shugaban ƙungiya.

"Babu gyara?"

Mutumin ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya sa aka ƙara mata tiyo.

Ranin nan gonar Malam ta yi kore shar. Kwandon tumatir na farko, rumfar Muntaka aka kai shi. Da damina ta faɗi kuma, Sauda ta murje zangarniyar nan ta shuka kunya biyu a bayan gida.

Darasi: Riƙe mutunci abu ne mai kyau, amma girman kai yana hana mutum abin da yake nasa ne tun farko. Cewa "don Allah" da "ka yafe ni" ba sa rage kowa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai buƙatar jin wannan yau.