Akwatin da Tukur Ya Goge

Ku ajiye wayoyin nan ku dube ni. Labarin da zan ba ku ba irin wanda ake ji a yi dariya a watse ba ne. In na kai ƙarshe sai kowa ya faɗi ra'ayinsa, kuma ba na karɓar "duk ɗaya ne".

Yayana, marigayi Alhaji Lawandi, yana da masana'anta a Kano inda ake yin robar ƙarin ruwa, wadda ake rataya wa marar lafiya a asibiti. Aikin ba shi da wuyar faɗa. Inji ya fitar da siririn bututu, mata su shafa gam su haɗa shi da ɗan kofin da ruwa ke ɗiga a ciki, a naɗe, a rufe a leda, a kashe ƙwayoyin cuta, a zuba a kwali. Shekara goma sha huɗu ana yi, kuma duk sanin aikin a kan mutane yake, babu shi a takarda. Sai hukuma ta ce wannan zamani ya wuce, dole a yi tantancewa. Wato a zana taswirar aikin mataki-mataki, tun daga buhun roba har bakin mota, sannan a yi zubi uku a jere daidai yadda aka zana, a gwada kowanne. In ukun suka fita lafiya a ba da takarda. In ba su fita ba a rufe ƙofa.

A daidai lokacin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Alhaji. Ya tara 'ya'yansa uku da ke aiki tare da shi, Tukur da Barira da Ashiru, ni kuma ina gefen gado. Ya ce, "Gado Allah ya riga ya raba muku, ba ruwana. Amma kujerata ɗaya ce. Wanda ya fitar da mu daga tantancewar nan, shi zai hau."

Na ce, "Yaya, ka kira suna ka huta, ka hutar da su."

Ya juya fuskarsa bango.

Tukur, babbansu, shi ya ɗauki zaɓen manhajar da za a zana taswirar a cikinta. Guda uku aka kawo masa. Ta farko kyakkyawa ce, kala-kala, amma da intanet ya ɗauke ta mutu, ku kuma kun san halin intanet ɗin unguwar masana'antu. Ta biyu kyauta ce, ko ɗan firamare zai iya zane da ita, sai dai abin da ka goge ya tafi ke nan, babu mai sanin ya taɓa zama. Ta uku mummuna ce, ga nauyi, ga wuyar koyo, amma ba ta mantuwa. Duk wanda ya ƙara abu ko ya cire, za ta rubuta sunansa da ranar, kuma ko mai kamfanin bai isa ya kankare ba. Kowa ya so ta biyun, har ƙannensa. Barira ta ce masa, "Yaya Tukur, wannan ai sai mu tsufa ba mu gama koyonta ba." Ya ce, "Ku tsufa." Ya kafe, aka ɗauki ta ukun.

Barira ita ta cika taswirar. Ba ta zauna a ofis ta tambayi manyan ma'aikata yadda ya kamata a yi ba. Hular aiki ta sa da safar hannu, ta yi sati shida tana bin bututu ɗaya bayan ɗaya daga inji har kwali, da agogo a hannunta, ƙafafunta har kumbura suka yi don tana da ciki a lokacin. Duk abin da idonta ya gani sai ta buɗe masa akwati a taswira, ko da abin kunya ne. Ta lura cewa abin da mata suka haɗa da safe, a kan faranti yake zama har a dawo daga sallar azahar da cin abinci, wajen awa ɗaya, sannan a naɗe. Na yamma kuma kwana yake yi. Wani ba zai ɗauki wannan a bakin aiki ba. Ita ta ba shi akwatinsa. Sai dai abin da ta rubuta a kai shi ne "hutun salla", ta wuce, ba ta tambayi ko mace ɗaya daga masu shafa gam ba ko zaman nan yana da wani amfani.

Da Tukur ya zo gyara taswira kafin a miƙa wa hukuma, ya ga akwati a tsakiyar aiki wai shi hutun salla. Ya ce wannan ai ba mataki ba ne, kuma baƙin hukuma za su ce kayanmu zaman banza suke yi. Ya goge shi, ya tsara a riƙa zuwa salla kashi-kashi don kada layi ya tsaya. Bai gaya wa kowa ya goge wani abu ba, don a ganinsa shara ya kwashe.

Ashiru, ƙaraminsu, shi ke riƙe da ɗakin gwaji. Zubin farko ya fita, na biyu ya fita, duk a bisa ƙa'idar da aka rubuta, wato a ɗebi kaɗan a gwada. A zubi na uku ya ga guda ɗaya ta yi gumi a mahaɗa. Ɗigo ɗaya, kuma adadin da ƙa'ida ta yafe bai cika ba, da ya sa hannu babu mai kama shi. Sai ya koma ya buɗe kwalayen zubin farko da na biyu, ya kwana uku yana matsa musu iska ɗaya bayan ɗaya, ya sami sha tara masu yoyo. Inda ruwa ya fita, nan cuta ke shiga jinin mutum. Ma'aikatan hukuma suna zaune a ofis, shayi a gabansu, suna jiran sa hannunsa kawai. Tukur ya ja shi gefe ya ce, "Auta, ka bari su tafi mu yi magana a gida. Baba kwanakinsa yake ƙirgawa." Ashiru ya fizge hannunsa, ya shiga gaban baƙi da ma'aikata ya zube robobin nan sha tara a kan tebur, ya ce, "Wanda zai yarda a rataya wa ɗansa ɗaya daga cikin waɗannan, ga biro." Baƙi suka tattara takardunsu. Suka ce sai bayan wata biyar.

Sati uku ana neman dalili. An canza gam, an zagi mai kawo roba, an kwance inji an ɗaura. Taswira na nan tsaf, ana bin ta daidai, yoyo bai daina ba. Daga ƙarshe Tukur da kansa ya buɗe tarihin manhajar, aka haska a bango kowa na kallo, ana bi layi-layi. Sai ga akwatin Barira, ga ranar da ta saka shi, ga ranar da aka cire, ga sunan wanda ya cire. Abin da ya dage a saya shi ya tona shi, kuma bai kashe kwamfutar ba, ya bari kowa ya karanta.

Aka kira Zilai, dattijuwar masu shafa gam, aka nuna mata. Ta ce, "Au, wannan kuke nema? Ai gam sai ya sha iska kafin a lanƙwasa shi. Na ga kun zo da kwamfuta, na ce ko an yi sabon gam ne." Kada ma wani ya ce min a ba Zilai kujera. Na taya mata, ta ce ita a bar ta da farantinta.

Aka mayar da akwati, aka canza masa suna, aka rubuta minti sittin. Bayan wata biyar zubi uku suka fita babu ɗigo, takarda ta zo. Alhaji ya rasu saura kwana goma sha ɗaya ta iso. Bai gan ta ba, bai kuma kira suna ba. Abin da ya iya ce min kawai shi ne, "Ke kika ji abin da na faɗa."

Yau shekara biyu ke nan ofishinsa a kulle, makulli a jakata. Su ukun suna zuwa aiki, kowa ya shige ɗakinsa, abin da za su ce wa juna a takarda suke aikawa. Tukur bai yafe wa Ashiru wata biyar ɗin nan ba. Ashiru ya ce ba shi ya goge akwati ba. Barira ta ce da an tambaye ta kafin a goge, su kuma suka ce da ita ta tambayi Zilai. Na yi zaton jira zai sa su huce, ashe ƙara daskarar da su yake yi, wannan kuma laifina ne. An kira taron dangi ranar Asabar, kuma na rantse ba zan dawo gida da makullin nan ba.

Ba don manhajar Tukur ba, da akwatin ya ɓace har abada, amma shi ya goge shi. Ba don ƙafar Barira ba, da babu akwatin da za a tono, amma sunan da ta sa masa shi ya jawo aka raina shi. Ba don taurin kan Ashiru ba, da takarda ta zo Alhaji na da rai, da kuma robar nan tana hannun marasa lafiya, amma ya tozarta yayansa a gaban baƙi alhali akwai hanyar da ta fi wannan.

To, ku faɗa min: ranar Asabar, a tafin hannun wa zan sa makullin nan?